Motata Tana Hannun 'Yan Sanda, Sunana Ba Ya Jikinta

Anti mai wannan fili, don girman Allah ki taimake ni, kaina ya kulle. Na rasa wanda zan yi shawara da shi a gida, domin duk wanda na buɗe wa baki sai ya tsaya yana kallona kamar ni na taka mutum da ƙafata. Kada ki sa sunana. Kuma tun da wuri in roƙe ki, hanya nake nema, ba wa'azi ba. Wa'azi ina samunsa kyauta safe da yamma, daga bakin mutanen da nake ciyarwa.

Sana'ata bayar da hayar kujeru da rumfuna. Kujerun roba, tebura, manyan tukwane, duk abin da taro yake bukata. Da 'yan kujeru na fara a zauren gida, yau ina da shago da sito, kuma ba gadonsu na yi ba. Abin da ya daɗe yana ƙona min rai shi ne masu a-kori-kura. Ki yi da mutum zai zo da sassafe, sai rana ta take ki gan shi, ya jibga kaya kamar itace, ya karya ƙafar kujera ya rantse haka ya same ta. Shi ya sa na ɗaure cikina na yi ta tari har na kai ga sayen tawa, ko ta hannu ce. A garinmu dillalai sun haukace da tsada, sai aka ba ni labarin wata babbar kasuwar motoci a wani birni mai nisa, tafiyar da sai an kwana a hanya.

Ban iya tuƙi ba, don haka na tafi da mijin ƙanwata. Direba ne, ko in ce direba ne a da. Tun da kamfanin da yake yi wa jigila ya rufe yake zaune, har na sa masa suna Sannu-da-Hutu, kuma yana amsawa yana washe baki. Kuɗin hayar gidansu daga ina yake fitowa? Na makarantar 'ya'yansu fa? Ba gori nake yi ba, so nake ki san da wa kike magana. Na ce in motar ta zo shi zai riƙa ja, ya samu na sawa a aljihu. Ƙanwata har da hawayen murna.

Mun samu wata fara, ta sha jiki amma injinta lafiya lau. Shi ya shiga ƙarƙashinta ya duba, wannan kam ya iya. Dillalin ya zaro takardu daga aljihun motar ya baje a kan bonet: ta mallaka, ta harajin hanya, ta inshora, duk da sunan wani mutum da ya taɓa riƙe motar. Ya dangwala yatsa a kan kwanan wata, ya ce haraji da inshora duk da sauran ransu, watanni masu yawa, tsintuwa na yi. Har cikin ciniki sai da ya saka su, ya ce ba zai rage min ko kaɗan ba tunda motar da takardunta a raye. Ni kuma na ɗauka kamar ragowar mai ne a tanki, wanda ya sayi mota ya saya da shi. Na biya, ya rubuta takardar ciniki da sunana, ya sa hannu na sa, aka kira wani mai wankin mota ya zama shaida.

Nan fa Sannu-da-Hutu ya fara iyayi. Wai hankalinsa bai kwanta da takardun wani ba, wai shi ake tarewa a hanya ba ni ba, wai mu leƙa ofishin rajista na garin a canja suna, mu yanki inshora ko ta ɗan lokaci ce. Mutumin da ko keke bai mallaka ba. Na tambaya aka ce canjin suna ba ya ƙarewa a yini ɗaya, ga layi, ga kuɗin masauki ɗaki biyu, ga ni da taron da na riga na karɓi kuɗinsa a ƙarshen mako. Kuma me zai sa in biya haraji a garin da ba nawa ba, a liƙa min lambar wani wuri, alhali a gida ɗan ƙawata yana ofishin, ko layi ba zan bi ba? Na ce masa ya rufe min baki ya tada mota.

Ni da ciwon baya ba zan iya zaman gaban a-kori-kura ba, sai na bi babbar bas na riga shi tahowa. Na ba shi kuɗin mai da na abinci, na bar masa tsofaffin takardun a aljihun mota. Takardar cinikin kuwa na jefa a jakata. Ya roƙe ni ko hotonta ya ɗauka a waya, na hana. Ban ce ɓarawo ba ne, Anti, amma mutumin da ya daɗe bai riƙe kuɗin kansa ba, ba a haɗa masa mota da takardar cinikinta a hannu ɗaya a kan doguwar hanya. Kowa a matsayina haka zai yi.

A wani ƙaramin gari a tsakiyar hanya, da rana tsaka ana yayyafi, ya buge mai babur. Shi ya ce mutumin ne ya faɗo daga lungu bai duba ba. Ba kowa a wurin sai wata mai sayar da lemo. Da ya taka mai ya wuce, da yanzu motata tana ƙofar shago. Amma malamin kirki sai ya tsaya, ya ɗauki mutumin ya sa a bayan motar, ya kai shi asibiti, sannan ya kai kansa ofishin 'yan sanda. Da motata yake neman lada.

Suka buɗe takardu, ba sunansa. Suka kira kamfanin inshorar, aka ce musu mai wannan sunan ya soke ta tun ranar da ya rabu da motar, wadda ke hannu fanko ce. Suka kira mai sunan, ya ce shi ya sayar da daɗewa, ta bi hannu biyu ko uku bayansa, bai san wannan direban ba. Wayar dillali kuwa a kashe har yau. To ga mutum da mota, ba sunansa, ba rasit, ba inshora, ga jini a bodi. Suka ɗora zargin satar mota a kan na buge mutum, suka tura shi bayan kanta.

Shi kuma ya tashi ya ba su lambata. Ina tsakiyar loda kaya wani mai kakkausar murya ya kira, ya tambaya ko ni ce mai mota kaza, ya fara jero maganar asibiti da tara da sa mota a titi ba inshora. Na tsorata. Na ce ban san zancen ba, ban san direban ba, na kashe. Sun yi ta kira ban ɗauka ba. Wai shi ya sa aka hana belinsa, an ce ya yi musu ƙarya, kuma kotu za su kai shi.

Tun daga ranar ƙanwata ta tare a shagona. Kullum ta zo ta zauna a kan kujerar da nake bayarwa haya, ta yi ta sharɓar majina a gaban masu ciniki. Ta je ta gan shi sau ɗaya, da kuɗina, ta dawo tana cika min kunne wai ya rame, wai ƙafafunsa sun kumbura don ɗakin ba wurin miƙewa, wai ya ce a gaya wa Yaya bai yi fushi ba, ta kawo takardar kawai. Ji ƙarfin hali, shi ne ma zai yi fushi. Ta durƙusa ta riƙe min ƙafa. Na gaya mata a fili, ranar da ta kai sunana gaban hukuma, ranar za ta fara biyan hayarta da makarantar 'ya'yanta. Ba ta kai ba, ta san gaskiya. Mahaifiyarmu kuma, da take zaune a ɗakin da na gina mata, sai ta daina cin abincin gidana, yadda aka kai haka ake ɗaukowa. Da tsufanta ta koyi yajin cin abinci.

Ba wanda ya tambaye ni halin da nake ciki. Na sa ƙanwar ta ɗauko min hoton motar da ta je. Fitilar hagu ta fashe, bamba ta lotse, madubi ɗaya babu, taya ta sace motar ta zauna a kan ƙarfe, kuma kowa ya san motar da ta daɗe a ajiye a irin wurin nan batir ne yake fara yin ƙafa. Gumina ne na shekara da shekaru yake lalacewa a rana. Ga shi na koma hannun masu a-kori-kura, suna loda kayana suna yi min jaje da dariya a bakinsu.

Yanzu hanya biyu aka kawo min. Akwai wani mai yin takardun mota a bakin ofishin rajista, mai tebur da laima, ya ce zai yanka min inshora da sunana ya mayar da kwanan watan baya, ya zama kafin hatsarin, kamfani ya ɗauki nauyin asibiti. Ita kuma ƙawata ta ce in rabu da wannan, in sa ɗanta ya yi wa motar rajista da sunana a nan gida, in biya haraji, sannan in tura lauya ya ce motar tawa ce amma ban ba shi izinin ɗauka ba, a masauki na ajiye ta ya ɗauke makulli ya taho. Ta ce haka za a sakar min abata, kuma ba ruwana da asibiti ko tara. Wannan ta fi kwanta min. Abin da nake so ki bincika min shi ne, in na faɗi haka kamar wata nawa za a ɗaure shi? In ba yawa ai da sauƙi. Dama zama ne sana'arsa, can ma zaman ne, kuma su za su ciyar da shi. 'Ya'yan ina riƙe da su kamar kullum.

Ki amsa min da wuri kafin a kwashe min injin.

Saniyar Tatsa


Baiwar Allah,

Kin ce ba kya son wa'azi, na ajiye shi gefe. Amma tambayarki ta ƙarshe ba zan bincika miki ba. Ba na ƙirga wa mutum watannin ɗauri a kan laifin da ni da ke muka san bai yi ba.

Bari in fara ba ki abin da yake naki. Kin gina sana'a da hannunki, kina ɗauke da gida biyu da tsohuwa, kuma wanda yake ɗauke da dangi yakan gaji har ya fara jin haushin fuskokinsu. Dillalin nan ya cuce ki ƙiri-ƙiri, ya sayar miki da takarda matacciya da kuɗin mai rai, kuma ba ke ce ta farko da ta ɗauka inshora tana bin mota ba. Mijin ƙanwarki ma ba zan wanke shi tas ba. Hankalinsa bai kwanta ba amma ya murɗa makulli, kuma direba yana da ikon ya ce ba zai ja ba. Sai dai ke kin fi ni sanin dalilin da ya sa bai iya ce miki a'a ba. Tsoron da ya kama ki lokacin da aka kira ki na gane shi. Abin da ban gane ba shi ne duk kwanakin da suka biyo baya, da kika wuni kika kwana da takardar a jaka.

Ga yadda abin yake, don ke da masu karatu. Inshora alkawari ne tsakanin kamfani da mutumin da ya yanke ta. A yawancin wurare ba ta komawa hannun sabon mai mota sai kamfanin ya sani ya amince, komai kyan kwanan watan da ke jikin takarda. Haraji da rajista kuwa kowane wuri da dokarsa, shi ya sa wanda ya sayi mota nesa da gida yake tambayar ofishin can, ba dillali ba, me ake bukata kafin a hau hanya da ita. A kira kamfanin inshorar da ke jikin takardar a ji daga bakinsu. A yanki sabuwa da sunan wanda ya saya kafin taya ta juya, ko ta gajeren lokaci ce, a gaya musu wanda zai tuƙa. Direba ya riƙe kwafin takardar ciniki da 'yar rubutacciyar shaidar cewa aiko shi aka yi. In har ba ki yarda da mutum ya riƙe kwafin takarda ba, bai kamata ki ba shi motar ba tun farko.

Hanyoyinki biyu duk rami ne. Hatsarin nan yana rubuce a wurin 'yan sanda, sun riga sun tabbatar motar ba ta da inshora ranar da abin ya faru. In kika fito da sabuwa mai tsohon kwanan wata, kin kai kanki ne da shaidar jabu a hannu, kuma ranar da za a nemi mai tebur da laima ba za a samu ko inuwar laimar ba. Shawarar ƙawarki ta fi muni. Ke da kika ce ba ki san zancen ba, ba ki san mutumin ba, ke ce za ki dawo ki ce motarki ce kuma mijin ƙanwarki ne ya sace? In an sace miki mota, ina rahoton da kika kai? Akwai mai wankin motar da ya gan ku tare, akwai mutanen masauki, akwai kiran da kuka yi wa juna a waya, akwai ɗan ƙawar da za ki sa ya yi wa motar da bai gani ba rajista ya rasa aikinsa. Akwai kuma ƙanwarki, wadda ta yi shiru yau don tana tsoron haya, amma ban ga macen da za ta zauna a kotu tana jin ana kiran uban 'ya'yanta ɓarawo ta ci gaba da yin shiru ba. Kuma ki ji da kyau, ko da na tabbata dabarar za ta ci, ba zan ba ki ita ba.

Hanya ɗaya ce, kuma kin san ta kafin ki rubuto. Gobe da safe ki nemi lauya ki gaya masa komai yadda kika gaya min, har da kiran da kika kashe. Ki yi kwafin takardar ciniki ki ajiye a gida, ki ɗauki ta asali, ku tafi tare, ke da ƙafarki, ba aike ba. Ki ce tsoro ne ya sa kika musa. Zargin sata ba abin da yake riƙe da shi sai shirunki, kuma da ya faɗi lauya zai samu bakin neman beli. Maganar hatsari za ta bi hanyarta, a nemo mai lemon nan tun ba ta manta ba. Tsayawar da ya yi ya kai mutum asibiti, wadda kike yi wa ba'a, ita ce abu mafi kyau a cikin shari'ar nan gaba ɗaya, gare shi da gare ki.

Ba zan ɓoye miki ba, za ki biya. Wataƙila tara, wataƙila asibiti, wataƙila ma motar ce za ta tafi a ciki. Lauya ne zai gaya miki iyakar abin. Ki kai ƙarar dillalin, ko da ba a same shi ba ya zama a rubuce. In an sakar miki motar, kada ta fita daga harabar nan sai da inshora da sunanki, da duk abin da ofishin can ya ce a yi na haraji da rajista. In ba su samu ba, a ɗora ta a kan wata motar a kawo ta. Kin taɓa farawa da 'yan kujeru a zaure, asarar mota ba za ta kashe ki ba.

Wani abu kuma. Kin gaya min wace fitila ce ta fashe, kin ce ta hagu. Na karanta wasiƙarki sau biyu ban ga inda kika ce mai babur ya rayu ko ya mutu ba, kuma ina zargin ba ki tambaya ba. Mutum ne, akwai masu jiran ya dawo gida. Ki je asibitin da sanin lauyanki, ki ga abin da ake bukata. Kafin ki tafi ki kira ƙanwarki ki janye maganar haya da makaranta. Abin da kike musu alheri ne, ranar da kika ɗora shi a wuyanta ya tashi daga alheri. Ki shiga ɗakin mahaifiyarku ki gaya mata inda za ki, ba sai kin roƙe ta ta ci abinci ba.

Idan ya fito bai gaishe ki ba, kada ki rubuto min ƙara. In ya ce ba zai sake ja miki mota ba, ki ƙyale shi, ki kuma daina kiransa da sunan nan.

Allah ya ba mai babur lafiya in yana raye, ya fito da mijin ƙanwarki ya mayar da shi ga 'ya'yansa. Ke kuma Allah ya mayar miki da abin da za ki rasa, ya ba ki ƙarfin zuciyar da za ki tsaya a gaban kantar nan, yana jin ki daga ciki, ki ce kin san shi.

Anti